FILIN GYARA DA KANKA: In Fis Ɗin Babur Ya Ƙone

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ɗan abu da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma in aka yi wasa da shi yana iya jawo asarar babur ɗungum. Wannan abu kuwa shi ne fis, wanda waɗansu ke kira fiyus.

Duk wanda ya san Dutsin-Ma da Kurfi ya san babur shi ne jakin gida. Da shi malamin makaranta ke zuwa aiki, da shi ake kai mai naƙuda asibiti, da shi masu noman rani na wajen madatsar ruwa ta Zobe ke fito da kayan miya kasuwa. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da na Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011 su ma ba su rabuwa da shi. A da Vespa ce abin hawan ma'aikaci. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙera ta a 1946, har wa yau kuma akwai dattawan da ba su yarda sun rabu da tasu ba. Yanzu an fi ganin Bajaj da TVS na Indiya, da su Jincheng da Haojue da Lifan na ƙasar Sin. Ko wanne ne naka, in dai yana da batir, to, da wuya ka rasa fis a kusa da batirin nan.

MENE NE AIKIN FIS?

Wutar babur takan fito daga batir, ta bi waya, ta shiga fitila ko ham ta yi aikinta, sa'an nan ta koma batir ta jikin ƙarfen babur. Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta iya ɗauka. Ana auna yawan wutar da ke gudu cikin waya da ma'aunin da ake kira ampiya, ana kuwa rubuta shi da harafin A.

To, in robar waya ta goge har tagullar ciki ta taɓa ƙarfen babur, sai wuta ta sami hanya mai sauƙi, ta kwararo da yawa ƙwarai. Nan da nan waya ta yi zafi. Abin tsoro a nan shi ne, in wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafin da za ta yi sau huɗu zai ninka. Kafin ka ce me, roba ta narke, hayaƙi ya tashi, ga kuwa tankin mai kusa.

Domin haka masu ƙera babur suka sa wani siririn ƙarfe a kan hanyar wuta, wanda ya fi kowace waya rauni. In wuta ta wuce kima shi ne zai fara narkewa, hanya ta yanke, sauran wayoyi su tsira. Fis ke nan. Saboda haka in ya ƙone, kada ka ce ya lalace. Aikinsa ya yi, yana kuma gaya maka akwai abin da ya kamata ka duba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

YADDA ZA KA GANE FIS NE

In ka murɗa makulli ka ga 'yar fitilar nan mai launin kore ba ta kama ba, ham bai yi ƙara ba, sigina ba ta ƙifta ba, ka danna sitata ka ji shiru tsit, to, fara da duba fis. Amma in fitilar ta kama, ka danna sitata ka ji ƙat-ƙat injin bai juya ba, fis lafiya lau yake. Wannan batir ne ya yi sanyi, ko kuwa kan batir ya saki.

Waɗansu sukan ce, "Ai babur ɗina ya tashi da kik, fitilar gaba ma tana ci, yaya za a ce fis ne?" Yana yiwuwa ƙwarai. A ƙananan babura da yawa wutar fulogi da ta fitilar gaba daga injin take fitowa kai tsaye, ba ta bi ta batir. Akwai ma tsofaffin Vespa marasa batir sam, waɗanda ba su da fis ko ɗaya. Amma a sababbin babura da ke dogara ga batir, fis yana ƙonewa injin zai mutu, ko ka yi kik ɗari ba zai tashi ba.

Fis yakan kasance a jikin jar wayar da ta fito daga batir, cikin wani ɗan gida na roba. Kashe makulli, ka buɗe gidan, ka ciro shi, ka ɗaga shi wajen haske. Yadda ya ƙone zai ba ka labari. In gilashin ya yi baƙi, ƙarfen ciki ya tarwatse, wata waya ce ta taɓa ƙarfe, wuta ta zo gaba ɗaya. In gilashin tas yake, ƙarfen ya tsinke a tsakiya kawai, to, kaya ne suka yi wa fis yawa, ya yi ta jin zafi a hankali har ya narke. In kuwa gidan robar ne ya narke ko ya yi tsatsa, to, maƙalan da ke riƙe fis ne suka saki, wuta tana wucewa da ƙyar, wurin yana ɗaukar zafi. Wani lokaci kuma girgizar hanya takan tsinke fis na gilashi daga can cikin hularsa, inda ido ba ya gani. In kana shakka, sa wani sabo ka gwada, ko ka kai wa rewaya ya auna maka.

IRE-IREN FIS DA LAMBOBINSU

Iri uku za ka tarar a wurin masu sayar da kayan babur. Na fari shi ne na gilashi, mai hular ƙarfe a kai da gindi. Lambarsa tana rubuce a jikin hular. Akwai dogo mai wajen milimita 30, akwai gajere mai milimita 20, saboda haka ka tafi da tsohon a aljihu domin a ba ka daidai da shi. Gajeren fis a cikin dogon gida ba ya zama daram, zai yi ta motsi yana ɗaukar zafi.

Na biyu shi ne na roba mai ƙafa biyu, wanda kamfanin Littelfuse na Amurka ya fito da shi a 1976. Shi ma akwai babba da ƙarami. An ba kowace lamba launinta: mai 5 ruwan ƙasa ne mai haske, mai 7.5 ruwan ƙasa mai duhu, mai 10 ja, mai 15 shuɗi, mai 20 ruwan ɗorawa, mai 25 fari, mai 30 kore.

Na uku shi ne irin na tsofaffin Vespa da motocin Turai, mai tsini a kai da gindi, ƙarfensa a fili a jikinsa. A wannan iri fari 8 ne, ja kuwa 16. Kun ga ke nan jan fis na roba 10 ne, amma jan fis mai tsini 16 ne. Saboda haka kada ka dogara ga launi kaɗai. Karanta lamba.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane shi ne lamba biyu da sukan gani a jikin fis, misali 10A da 32V, ko kuwa 250V. Wadda ke tare da A ita ce abin lura. Wadda ke tare da V tana nuna iyakar ƙarfin wutar da fis zai iya yankewa ne kawai, batirin babur kuwa bolt 12 ne, ko bolt 6 a tsofaffi. Fis na rediyo mai 1A ko 2A, ko da an rubuta masa 250V, ba zai daɗe a babur ba.

Ina za ka sami lambar da ta dace da naka babur? Duba littafin da aka ba ka ran da ka saye shi. In babu littafi, duba murfin gidan fis ko takardar da ke manne kusa da batir. Ƙananan babura da yawa 10 ko 15 suke sa wa, Vespa mai batir kuwa wajen 8. Amma in babur na hannu ka saya, kada ka gaskata fis ɗin da ka tarar a ciki, gama mai yiwuwa ne wanda ya riga ka ya sauya shi da babba.

ƊAN LISSAFI

Ga wani lissafi mai sauƙi da ko ɗan firamare zai iya yi maka. A jikin kowane ƙwan fitila an rubuta wat nawa yake sha, da harafin W. Raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne ampiya.

A ce babur ɗinka mai bolt 12 ne, duk fitilunsa kuma daga batir suke sha. Ƙwan gaba wat 35, na baya wat 5, na birki wat 21, sigina biyu wat 10 kowace. In ka tara, wat 81 ke nan. Raba da 12, ka sami ampiya kusan 7. Ƙara wajen 2 na ham, ka kai kusan 9. Ka ga dalilin da ya sa fis mai 10 ya ishi irin wannan babur, da ɗan saura kaɗan.

Yanzu a ce yaro ya je ya ƙara wata babbar fitila mai wat 55. Ita kaɗai ta fi ampiya 4 da rabi. Jimla ta wuce 13 ke nan. Fis ba zai ƙone nan take ba, sai an ɗan yi tafiya, an taka birki ana ham, sa'an nan wuta ta ɗauke. Haka yake ga ham irin na mota, da rediyo, da fitilun ado. Maganinsa shi ne a cire ƙarin, ko kuwa rewaya ya ja masa tasa waya dabam daga batir, da nasa fis dabam.

ABIN DA BA A YI

A nan ne yawancin ɓarna ke faruwa. Fis ya ƙone sau biyu, sai wani ya ce, "Sa mai 30, ba zai sāke ƙonewa ba." Gaskiya ne ba zai sāke ƙonewa ba, domin yanzu waya ce za ta ƙone a madadinsa. Wayoyin babur sirara ne, an kuwa zaɓi lambar fis ne bisa ga kaurinsu. Ka ƙara wa fis girma, amma waya tana nan yadda take.

Wanda ya fi wannan muni shi ne a naɗe ƙonannen fis da takardar azurfa ta kwalin sigari, ko a cusa guntun waya ko ƙusa, ko a yanke gidan fis a haɗe wayoyin. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ku tuna fa, jar wayar nan da ta fito daga batir tana ɗauke da wuta ko an kashe makulli. Mutanenmu da yawa kuwa a zaure ko a ɗaki suke shigar da babur da dare saboda ɓarayi. In ɓera ya ci robar waya cikin dare, babu fis da zai yanke wuta, ga mai a tanki, ga yara suna barci, abin ba daɗin faɗi. Kuɗin fis bai kai na sabuwar waya ɗaya ba, balle babur, balle rai.

Dokar ita ce: lambar da ka cire ita za ka mayar. In ba ka sami daidai ba, sa ƙarami har ka isa gida. Ƙarami zai iya ƙonewa ya ba ka haushi, amma ba zai ƙona maka babur ba. Ka kuma guji fis marar lamba, da wanda robarsa ta yi laushi ƙwarai, gama akwai jabu a kasuwa da ba su narkewa a inda ya kamata. Saya a wurin wanda ka sani.

NEMAN INDA WUTA KE ƁULLA

In ka sa sabon fis ya sāke ƙonewa, tsaya haka nan, kada ka sa na uku. Yanzu aikin neman laifi ne. Tun da fari ka fitar da babur fili, nesa da murhu da galan na mai. Cire zobe da agogon ƙarfe. In duhu ne yi amfani da tocila, kada ka kusanto da ashana ko aci-bal-bal. Duk lokacin da za ka kwance batir, fara cire kan da ke da alamar ragi, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa.

Tambayi kanka abin da aka yi wa babur kwanan nan. An sa sabon batir? Duba ko an juya kansa, gama jar waya wajen alamar tarawa take zuwa, in an juya fis yakan ƙone nan take. An wanke babur a bakin rafi, ko ruwan sama ya ba shi kashi? Bar shi ya sha rana, ka hure ruwan da ya shiga makunnai. An ɗaure buhu a baya? Duba wayar fitilar baya, domin igiya da nauyin kaya sukan matse ta da ƙarfe.

Sa'an nan ka yi dabarar da masu rewaya ke yi. Nemi ƙwan fitilar birki mai wat 21, ka haɗa masa waya biyu, ka maƙala su a gurbin fis. Ƙwan zai tare wuta kada ta yi yawa, ya kuma nuna maka abin da ke faruwa. Kada ka tayar da injin. In makulli yana kashe amma ƙwan ya haska sosai, laifin yana tsakanin batir da makulli, ko kuwa raktifaya ce ta mutu, watau abin nan da ke gyara wutar injin domin cajin batir. Zare ta ka gani, in hasken ya ɗauke to ita ce. In ƙwan bai haska ba, kunna makulli. Juya kan babur hagu da dama a hankali. Taka birki. Kunna siginar hagu, sa'an nan ta dama. Abin da yake lafiya zai sa ƙwan ya yi ɗan haske kawai. Amma wurin da ka taɓa ƙwan ya haska fes kamar an haɗa shi da batir kai tsaye, to, nan ɓarawon yake.

Wuraren da waya ta fi gogewa sanannu ne: wuyan babur inda kai ke juyawa, ƙarƙashin tanki, ƙarƙashin kujera, makunnin birkin ƙafa inda laka ke taruwa, da cikin gidan fitila. A Vespa wayoyin ta cikin jikinta suke bi su hau zuwa kai, saboda haka ka duba inda suka shiga da inda suka fito. Masu bin hanyoyin ƙauye irin na Wurma ko Tsauri ko Karofi su riƙa dubawa a kai a kai, domin gargada ita ce ke cin robar waya sannu sannu. In ka sami wurin, naɗe shi sosai da baƙin tef na wuta, ka ɗaure wayar nesa da bakin ƙarfen da ya goge ta. In robar ta narke da nisa, sai a sauya wayar duka. In kuwa ka nema ka rasa, kada ka ji kunya, kai wa rewaya. Amma ka tsaya ka ga lambar fis ɗin da zai sa, ka kuma tambaye shi ya nuna maka inda laifin yake.

IN YA SAME KA A HANYA

Kowa ya san yadda tafiyar dare ta zama a wannan yanki saboda 'yan bindiga, har a 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare a ƙananan hukumomin da abin ya shafa. Ba wanda ke son babur ya mace masa tsakanin Kurfi da Birchi rana tana faɗuwa. A irin wannan hali ne zuciya ke raya wa mutum ya cusa ko mene ne a gurbin fis.

Ga abin da ya fi. Kashe makulli. Zare duk wani abin ƙari, kamar cajar waya ko fitilar ado. Duba wuyan babur da wayar baya da sauri, in ka ga wadda ta goge ka naɗe ta. Sa fis ɗin ajiya. In ya sāke ƙonewa, gwada kik. In injin ya tashi, kama hanya a hankali zuwa gari mafi kusa, kana nuna juyawa da hannu, kana kuma tuna cewa ba ka da ham ko fitilar birki. Kada ka ba shi wuta da yawa, gama a waɗansu babura in batir ya fita daga layi ƙwayayen fitila sukan ƙone. In babur ɗinka mai fis da yawa ne, kana iya aron na wani abin da ba tilas ba, muddin lambarsa ba ta fi wadda ka cire ba.

Rigakafi ya fi magani. Maigida, a wannan mako ka buɗe gidan fis ka ga lambarsa, ka rubuta ta da fenti a ƙarƙashin kujera. Sayi guda uku irinsa, ka naɗe su a tsumma tare da tef da ƙaramin sukudireba, ka ajiye a akwatin kayan gyara. Uwargida, ke ma in kina hawa, ki koyi ciro shi da mayarwa, ba aikin ƙarfi ba ne. Ku kuma zaunar da samarin gida masu aron babur, ku nuna musu, ku gaya musu sarai cewa ba a sa takardar sigari ko ƙusa a wurin, kome gaggawa.

A wata mai zuwa za mu duba yadda ake kula da batir lokacin zafin bazara. Mai tambaya a kan gyaran kayan gida ko abin hawa ya aiko mana da wasiƙa, za mu amsa a wannan fili.